Shawarar Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu, wata Talata bayan la'asar, a gadon asibiti a Sakkwato. Muka kawo shi Kaura Namoda, muka rufe shi washegari da hantsi. Yau kwana arba'in ke nan. Ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, kuma wanda ya tsayar da ni shi ne wanda nake rubutu a kansa. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya san inda zai kai ƙara.

Ranar jana'iza ba a yi fawa a Kaura ba sai bayan azahar. Mahauta suka bar shanu a ɗaure suka bi gawa, masu tuwon sayarwa suka yi miya ba nama, kuma ban ji wadda ta yi ƙorafi ba. A zaman makoki na ga wani tsohon Bafillace da ya tako daga dajin Zurmi. Ya zauna bakin tabarma, sai da zai tashi ya ce, "Shi kaɗai ne in ya shafa cikin saniya ya ji ɗa, ba ya sayenta ko ka roƙe shi." Ya sa takalmansa ya tafi.

Mai kalangun mahauta ma ya zo. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya rataye kalangunsa a ɗaki, ya koma sayar da rake. Ya zauna yana jan carbi da hannun dama, yatsun hagunsa kuwa suna kaɗa taken Kawu a kan gwiwarsa, shi bai ma sani ba. Liman ya gani, ya kau da kai.

Sai kuma 'yan ajinmu na da, waɗanda yanzu suke manya a ofisoshin Gusau. Suka zo da motocin gwamnati, suka yi addu'a ta minti biyu, kowa ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Akwai wanda ni nake yi masa lissafi a aji. Har yau in ya ƙirga yatsunsa sai ya maimaita. Na ce masa na gode.

Da yawan masu gaisuwa kallona suke ta gefen ido. Na san abin da ke ransu: wannan ne ɗan ƙanwar da ya zage shi a mahauta, ya yi shekara uku da wani abu bai gaishe shi ba. Gaskiya ne, ni ne. Abin da ba su sani ba shi ne yadda muka ƙare, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina shekara bakwai, ya je Birnin Tsaba ya ɗauko ni a kan keke. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, 'ya'ya mata kaɗai Allah Ya ba su. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, muryarsa kamar ana jan gado a siminti. Kuma yana da cuta ɗaya tun kafin wadda ta kashe shi: ba ya iya ganin mutum bai ba shi shawara ba.

"Zo nan in ba ka shawara." Da wannan yake buɗe baki, da shi yake rufewa. Ya ba liman shawara ya rage tsawon huɗuba, wai nama na jiran mutane. Ya ba direban jirgin ƙasa shawara ya daina busa usur kusa da kara, yana firgita shanu. Amarya in ta zo sayen nama sai ta tafi da nama da bayanin yadda za ta dafa shi da yadda za ta zauna da uwar miji. Lokacin da samari suka fara tsayar da gemu da ɗage wando, wasu suka zo mahauta wai za su duba yadda ake yanka. Kawu ya miƙa wa babbansu wuƙa ya ce, "Bisimilla, gwada muna." Yaron ya ja da baya. Kawu ya ce, "To zo in ba ka shawara. Tun ba a haifi ubanka ba nike kallon gabas da wuƙag ga. Je ka duba masu awon hatsi, can aikinku yake." Suka tafi suna dariya, kuma daga baya wurinsa suke sayen tsire.

Shi kuwa ba ya karɓar ta kowa. Inna ta yi shekaru tana ce masa ya rage cin kitse. Kullum da hantsi sai an soya masa mai tsoka da kitse, ya ci, ya lashe yatsu. In ta yi magana ya ce, "Ke da ba ki san saniya ba sai a tukunya."

Yana da wata ƙarya da yake yi kullum. Da la'asar sai ya ƙunsa kayan ciki ƙunshi huɗu ko biyar, ya aika gidajen da maza suka mutu suka bar mata da yara. In an yi godiya ya ɗaure fuska ya ce, "Ya kusa lalacewa ne, zubarwa za ni yi." Naman safiyar ranar ne, ni na sani, ni nake wanke shi.

A wurinsa na koyi maɗaciya, wadda mutanen gabas ke kira matsarmama: 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta. Kawu ba ya barin kowa ya cire ta sai shi. Yakan ce in ka fasa ta, hantar duk ta tashi aiki, ɗaci ya shige ta. In ya cire sai ya matsa ta a hankali tsakanin yatsu biyu, yana lalube. Akwai wani ɗan dutse da akan samu a maɗaciyar saniya jefi-jefi, wasu baƙi na zuwa nemansa da tsada. Shekara arba'in Kawu na lalube. Sau ɗaya ya taɓa samu, ɗan mitsitsi, kuma kaza ta haɗiye shi a inda ya shanya. Ya yanka kazar bai gan shi ba. Muka ci kaza.

Shi ya kai ni makaranta da hannunsa, shi kuma ya cire ni. Ina aji biyu, ina na uku a jarrabawa, ya zo ya ce wa shugaban makaranta ya gode, yaro zai koma gida. Ba wani dalili. Na yi kuka, Inna ta yi kuka, ya ce, "Zo in ba ka shawara. Takarda ba ta ƙoshi, wuƙa na ƙoshi." Na riƙe wuƙa shekara ashirin da ɗoriya. Na yi aure, na haihu, ina haɗiye abin.

Sai aka ba mu sabuwar jiha, Gusau ta zama babban birni. Aka ce duk mai takardar sakandare ya kawo, ana neman ma'aikata. Na ga mutanen da ba su iya rubuta wasiƙa ba sun zama akawu. Ni ma na je Gusau da takardar firamare, wani yaro sa'an ƙanena ya dube ta ya ce ko masinja sai mai aji biyar. Na dawo Kaura kai tsaye na wuce mahauta. Kawu na feɗe sa, ya ɗago ya ce, "Ka dawo? Zo in ba ka shawara."

Abin da na ce masa, gaban mahauta da masu saye, shi ne: "Riƙe abarka. Kai ka yanka ni, ka feɗe ni, ka rataye. Mi ya rage kuma?" Na jefar da wuƙar gabansa. Ya sunkuya ya ci gaba da fiɗa. Cikin mako na kwashe iyalina na koma Shinkafi, na samu aikin rubuta sunayen fasinja a tasha.

Duk ranar kasuwar Shinkafi Kawu na zuwa sayen shanu. In na hango hularsa sai in shige bayan rumfar mai shayi. Shi ma ya san ina nan. Yakan tsaya tsakiyar tasha ya ba direbobi shawara da ƙarfi a kan taya da birki, ya daɗe, sannan ya tafi. Ni ina jira ya ce ya yi kuskure. Shi ban san abin da yake jira ba.

Ranan, bayan sallar layya, wani direban Kaura, maƙwabcin su Kawu, ya cika mota zai fita. Ya leƙo ta taga ya ƙwala mini kira.

"Kai malam na rubutu! Innarka ta ce ka taho gida. Kawunka shawara gare shi!"

Na ce, "Yaushe ne babu ta gare shi? Ce mishi ya riƙe abarshi, na ƙoshi."

Direban ya dube ni kamar zai yi magana, na baya suka danna masa oda, ya ja mota. Kuma bawan Allah ya kai saƙon yadda na faɗa, bai rage ko harafi ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka ina zaune ina rubutu, sai ji na yi an fizge littafin. Babbar 'yar Kawu ce, taubashiyata, da muke wasa tun muna yara, ita uwargijiya ni bawa tunda ni ɗan mace ne. Ranar ba wasa a fuskarta.

"Kai, Malam Aji-biyu. Baba na kwance, an aiko maka, ka ce ya riƙe abarshi?"

"Kwance kamar yaya? Shawara anka ce mini."

"To mi ce ce in ba ita ba? Idanunshi sun yi kamar kwaiduwa!"

Na tsaya ina kallonta. Ita ma ta tsaya tana kallona. Sai ta gane. Ta dafa kai ta zauna kan bencin fasinja, tana dariya hawaye na zuba, ta kasa tsayar da ko ɗaya.

"Wayyo ni. Bawan banza. Ciwon shawara, jaki! Inna kwana uku ba ta ci abinci ba don maganarka."

Ban ko koma gida na sauya riga ba.

Na iske Kawu a zaure kan tabarma, kuma da ƙyar na gane shi. Fararen idanunsa sun koma rawaya, tafin hannunsa rawaya, har harshensa. Duk jikinsa sawun farce ne, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, yana susa da marfin kwano. Inna ta ce abin ya fara ne daren sallah bayan ya ci soyayyen kitse: ciwo ya soke shi ƙarƙashin haƙarƙarin dama har bayan kafaɗa, ya yi ta amai. Ashe ya yi shekara biyu yana jin irin wannan sukar yana ɓoyewa. Amma wannan karon ba ta sake shi ba. Fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, bayan gidansa ya yi fari kamar farar ƙasa, ga zazzaɓi mai kaɗa haƙora. Sun ba shi jiƙon rawaya, sun ba shi rake, sun hana shi mai. Masu magani uku aka kira.

Na durƙusa na ce, "Kawu, sannu."

Ya dube ni da idanun nan ya ce, "An ce ka ƙoshi."

Taubashiyata ta faɗa masa yadda aka yi. Kawu ya yi dariya har ya riƙe ciki yana salati. "Wanga yaro! To ai da ka zo ka karɓa, ko rabi ne, da na samu sauƙi."

Na ce asibiti za mu. Nan gidan ya tashi. Inna ta ce ba a yi wa mai shawara allura, kowa ya sani, ana yi ya tafi. Maƙwabta suka shigo, kowa da sunan wanda allura ta kashe. Ni kuwa akwai abu ɗaya da ya maƙale a kaina tun aji biyu: malamin kimiyya ya taɓa zana mana hanta a allo, ya ce rawayar ido alama ce, ba ita ce cutar ba, sai an duba abin da ya kawo ta. Iyakar abin da na sani ke nan. Na faɗa, na sake faɗa, na ɗaga murya. Kawu ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

"Ku samo mota," in ji shi. Inna ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya bi maganar wani ba.

A Kaura suka ce mu wuce Gusau, a Gusau suka ce Sakkwato. Can aka shafa masa wani mai a ciki aka ɗauki hoto. Likitan, wani dogo mai tabarau, ya zaunar da mu ya ɗauki takarda zai yi zane. Ya ce, "Baba, akwai wata 'yar jaka a jikin hanta."

Kawu ya ce, "Maɗaciya. Ci gaba."

Likita ya ce tsakuwa ce ta taru a cikinta, ɗaya ta gangaro ta toshe 'yar hanyar da ruwan ɗacin ke bi ya sauka hanji. Da ruwan ya rasa mafita sai ya koma cikin jini, shi ne rawayar, shi ne ƙaiƙayin. Kuma inda ruwa ya tsaya ƙwayoyin cuta sun shiga, shi ne zazzaɓin.

Kawu ya yunƙura ya tashi zaune. "Tsaya. Dutse ka ce? A maɗaciya?"

"Ba ɗaya ba ma, Baba."

Ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Shekara arba'in ina laluben shanun mutane, ashe abin na nan cikina yana ta haihuwa." Ya koma ga likita. "Na mutum ana saye?"

Likitan ya cire tabarau yana share ido. Ya ce ba a saye. Kawu ya ce shi dama bai taɓa sa'a da dutsen nan ba.

A waje likitan ya gaya mini gaskiya. Ya ce sai an yi aiki, amma jikin ya yi rauni, cutar ta daɗe a jini. Ya ce da an zo da wuri da abin ya fi sauƙi. Na ce da wuri kamar yaushe? Ya ce ko mako biyu da suka wuce. Ba sai na yi lissafi ba, kwana goma sha biyun nan na san inda suka tafi. Masu cewa kwana ne ya ƙare gaskiya suka faɗa, ni ma na yi imani da haka. Amma ni ne na ce ya riƙe abarsa.

Aka yi kwana uku ana ƙara masa ruwa da allurai, Inna na zaune tana jiran allura ta kashe shi, ba ta kashe shi ba. Zazzaɓin ya ɗan sauka. Kawu ya samu bakin ba ma'aikatan jinya shawara a kan yadda ake ɗaure zare, ya ba na gadon kusa shawara ya saki rigimar gona da ƙaninsa. Da safen da za a shiga da shi, likita ya zo da takardar da dangi ke sa hannu. Kawu ya riƙe masa hannun riga.

"Likita, zo in ba ka shawara. Ni ma aikina ke nan. In ka zo cire ta, bi ta ƙasa a hankali, ka ɗaure bakin tukuna. Kak ka fasa ta. In ka fasa, hantar ta tashi aiki."

"In sha Allahu, Baba. Haka mu ma aka koya mana. Wa zai sa hannu?"

Akwai mijin taubashiyata a wurin, akwai ƙanin Kawu da ya zo daga Zurmi, duk sun girme ni. Kawu ya nuna ni da haɓa, bai dube ni ba.

"Ba wancan. Ya yi karatu. Kai gare shi, da ya kai inda ka kai. Ni na hana, don ba ni da ɗa namiji, na ji tsoron boko ya tahi da shi. Ban kyauta ba."

Ga likita ya faɗa, baƙon da bai fi mako da saninsa ba. Shekara ashirin da biyar ina jiran maganar nan, na sha shirya amsar da zan bayar, mai zafi. Da ta zo sai kawai na miƙa hannu na karɓi biro. Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa, abin da na gane da wanda ban gane ba, na sa hannu.

Aikin ya yi. Aka kawo masa duwatsun a kwalba, guda bakwai, babban kamar ƙwallon magarya. Ya jujjuya kwalbar ya ce na saniya ya fi kyau. Rawayar ta fara ja baya, har muka fara zancen mota. A rana ta uku zazzaɓin ya dawo, fitsari ya ɗauke, likita ya ce ƙoda ta gaji. Kawu ya gane kafin a gaya masa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana duban idon dabba ba a ɓoye masa irin wannan.

Ranar Litinin da azahar Inna ta fita alwala, muka rage mu biyu. Na matsa kusa da gadon. Na san in na bari ta dawo shi ke nan.

"Kawu, maganar da na faɗa maka a mahauta. Da saƙon da na aiko. Ka yafe mini."

"Saƙon ai dariya ya ba ni. Ta mahauta ta yi zafi." Ya ja numfashi. "Na yafe tun ranar. Kai ne ba ka tsaya ka ji ba."

Na sunkuyar da kai. Can sai na ji ya ce, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Kai hwa?"

Tun ina shekara bakwai Kawu ke gaya mini abin da zan yi. Bai taɓa tambayata komai ba sai ranar. Kuma jira yake, idanunsa a kaina, kamar zan iya cewa a'a.

Na ce, "Na yafe, Kawu. Duniya da lahira."

Ya lumshe ido ya ce, "Madalla. To juya ni ka sosa mini baya, tsakiya, inda hannu ba ya kaiwa."

Na juya shi, na sosa. Ina cikin susa Inna ta shigo da buta, ta tsaya bakin ƙofa ta dube mu, ta koma waje ta ja labule.

Washegari bayan la'asar ya cika, kalmar shahada a bakinsa, kansa a hannuna. Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba, Ka sanyaya masa makwanci. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.